Tantance Ɗaliban Jami'a Don Gano Ciwon Damuwa



Duk wanda ya taɓa shiga jami'a a ƙasar nan ya san cewa kafin a kammala yi wa sabon ɗalibi rajista sai ya bi ta asibitin makaranta. A can akan auna tsawonsa da nauyinsa, a gwada ƙarfin ganinsa, a ɗibi jininsa don a san rukuninsa da kuma ko yana ɗauke da sikila, wani lokaci ma a ɗauki hoton ƙirjinsa saboda tarin fuka. Abin da ba a saba tambayarsa ba shi ne yadda yake barci, da yadda yake jin ransa, da ko akwai sauran abin da yake ba shi sha'awa a duniya. A 'yan shekarun nan kira ya yawaita cewa a ƙara waɗannan tambayoyi cikin gwajin, watau a riƙa tantance ɗalibai don gano masu ciwon damuwa tun abin bai yi nisa ba. Kiran yana da kyau, kuma masu yin sa da niyyar alheri suke yi. Amma jami'ar da ta miƙa wa ɗalibi takardar tambayoyi irin wannan ta ɗauki amana, domin kuwa ta yi masa alkawari ke nan cewa in ya faɗi gaskiya akwai wanda zai saurare shi. Sharuɗɗan cika wannan alkawari su ne abin da wannan lacca za ta duba.

Da farko tilas ne a rarrabe damuwar yau da kullum da ciwon da ake magana a kansa. Ɗalibin da ya faɗi jarrabawa, ko kuɗin abincinsa suka ƙare tun wata bai raba ba, lalle zai damu, amma da zarar abin da ya dame shi ya kau sai ya warware. Ciwon damuwa kuwa, yadda likitoci suka siffanta shi, ƙuncin rai ne ko ficewar sha'awar komai daga zuciya, wanda yake zaunawa da mutum kusan kullum har tsawon mako biyu ko fiye, tare da rikicewar barci da ta cin abinci, da kasala, da kasa tara hankali wuri ɗaya, da yawan ganin laifin kai, har abin ya hana shi aikin da ya saba yi. Wannan rarrabewa ba sabuwa ba ce. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya riga ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rashin ɗan'uwa ko asarar dukiya, da wanda yake rufe mutum ba tare da sanannen dalili ba, ya kuma ɗauki na biyun a matsayin cuta mai tushe a jiki wadda take bukatar magani. Ya kamata masu ɗora wannan ciwo a kan raunin imani su san cewa malamin Musulunci ya yi wannan bayani fiye da shekara dubu da suka wuce.

Abin mamaki, akwai lokacin da aka yi ta cewa baƙar fata ba ya kamuwa da wannan ciwo sai nadiran. Wani likitan Ingila mai suna J. C. Carothers, wanda ya yi aiki a asibitin masu taɓin hankali a Nairobi ta ƙasar Kenya, ya rubuta haka a wani littafi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 1953. Kuskurensa a fili yake. Ya ƙirga waɗanda aka kawo masa ne kawai, alhali a wancan zamani ba a kai mutum irin wannan asibiti sai in yana dūka ko ƙone-ƙone. Wanda ya shige ɗaki ya yi shiru, ya daina cin abinci, ba ya damun kowa, shi ba mai kai shi gaban likita. Sai da Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara aiki a Aro kusa da Abeokuta a 1954, ya riƙa sauke marasa lafiya a ƙauyuka tare da danginsu, sa'an nan ya haɗa kai da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell suka bi ƙauyukan Yarbawa suna tambayar mutane a cikin harshensu, aka ga alamun ciwon damuwa suna nan birjik. An buga sakamakon wannan bincike a 1963.

A wannan zamanin ne kuma, a 1960, wani likita ɗan Kanada mai suna Raymond Prince, wanda shi ma ya yi aiki a Aro, ya ba da labarin wani ciwo da ya gani a jikin ɗaliban Nijeriya, ya kira shi da sunan da su ɗaliban suke kiransa, watau gajiyar ƙwaƙwalwa. Ɗalibi zai zo ya ce kansa yana zafi, ko yana jin kamar wani abu yana yawo a cikin kansa, idanunsa suna yin dishi-dishi in ya buɗe littafi, yana karantawa amma ba abin da yake zama. Masana da yawa da suka biyo baya suna ganin cewa mafi yawan waɗannan ɗalibai fargaba ce da ciwon damuwa suke damunsu, sai dai ta bakin jiki suke faɗa. Wanda ya yi aiki a asibitin kowace jami'a ya san ɗalibin nan: shi ne mai dawowa sau uku sau huɗu a zango ɗaya da ciwon kai da mutuwar jiki, a gwada jininsa, a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro ko na taifot, ya tafi, ya sake dawowa.

Don a gano irin wannan ɗalibi aka ƙirƙiro takardun tambayoyi. Aaron Beck ya fito da tasa mai tambaya 21 a Amurka a 1961. Wadda ta fi yaɗuwa a yau ita ce PHQ-9, wadda Kurt Kroenke da Robert Spitzer da Janet Williams suka buga sakamakon gwajinta a 2001. Tambaya tara ce, kowace tana neman sanin sau nawa wata alama ta dami mutum cikin mako biyun da suka wuce: ko ba ta dame shi ba sam, ko 'yan kwanaki, ko fiye da rabin kwanakin, ko kusan kullum. Ana ba kowace amsa maki daga 0 zuwa 3, saboda haka jimla ba ta wuce 27. Wanda ya kai 10 shi ake cewa a sake dubawa. Cika ta ba ya cin fiye da 'yan mintoci, kuma ba a biyan kuɗi kafin a yi amfani da ita, abin da ya sa ta shiga ko'ina.

An gwada ta a kan ɗaliban ƙasar nan. A 2006 Abiodun Adewuya da abokan aikinsa suka ba ɗalibai 512 na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife wannan takarda, sa'an nan suka zauna da su suka yi musu tambayoyin likita baki da baki don a kwatanta. Suka sami cewa maki 10 yana nuna ciwo mai tsanani, maki 5 kuma yana nuna mai sauƙi. A wani binciken da suka buga a shekarar, wanda ya ƙunshi ɗalibai 1,206, sun sami kashi 8.3 cikin ɗari suna da ciwon, daga cikinsu kashi 2.7 nasu mai tsanani ne. Cikin abubuwan da suka ga suna tafiya tare da ciwon har da matsalar wurin kwana. Wannan kuwa magana ce da ta shafi ofishin kula da harkokin ɗalibai kafin ta shafi likita, gama ɗaki mai gado huɗu da mutum goma suke kwana a ciki ba ƙwayar magani ce za ta gyara shi ba.

To, a nan ne ya kamata a tsaya a yi lissafi, domin lissafin nan shi ne abin da masu ɗokin tantancewa suka fi tsallakewa. Takardar tambayoyi rariya ce. Rariya kuwa takan tare abin da ake nema, takan tare tsakuwa tare da shi, wani abin kuma ya zurare. A gwajin 2001 an sami cewa a kan maki 10 takardar tana kama mutum 88 cikin kowane ɗari na masu ciwon, tana kuma wanke 88 cikin kowane ɗari na marasa shi. A Ile-Ife ta fi haka iya wanke masu lafiya, amma wani nazari da ya tattara bincike 58 daga ƙasashe dabam-dabam a 2019 ya sami 88 da 85. A ɗauki na farkon don sauƙin lissafi. A ce jami'a ta ɗauki sababbin ɗalibai 10,000, a kuma ƙaddara cewa biyar cikin ɗari, watau 500, suna da ciwon. Takardar za ta kama 440 daga cikinsu, 60 su zurare. Daga cikin 9,500 masu lafiya kuwa, za ta tare 1,140 bisa kuskure. Jimlar waɗanda za a ce su dawo ta zama 1,580, alhali masu ciwon a cikinsu ba su kai kashi ɗaya bisa uku ba.

Kowane ɗaya daga cikin mutum 1,580 ɗin nan yana bukatar wanda ya san aiki ya zauna da shi. In an ba kowa rabin sa'a kawai, sa'a 790 ke nan. Ma'aikaci guda da yake ganin ɗalibai sa'a shida a rana, ba hutu ba wani aikin, sai ya yi kwanakin aiki fiye da 130 kafin ya gama, watau zango ya ƙare, an shiga wani. Ba kuwa yadda za a yi a tsallake wannan zama, domin a nan ne ake gane wanda ƙarancin jini ne ya kashe masa jiki, da wanda mahaifinsa ne ya rasu watan jiya, da wanda tiramadol ko kodin ne suka rikita masa barci, da kuma wanda ciwonsa mai hawa da sauka ne, wata rana ƙunci wata rana zumuɗi marar iyaka, wanda in aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai abin yana iya ƙara lalacewa.

Wannan ne kuma ya sa ya kamata a yi hattara da alƙaluman da jaridu suke yayatawa, cewa kashi talatin ko arba'in na ɗalibai suna fama da ciwon damuwa. Galibin irin waɗannan alƙaluma adadin waɗanda rariya ta tare ne, ba waɗanda likita ya tabbatar ba. Wani nazari na 2020 ya nuna cewa ƙirgen da aka yi da PHQ-9 kaɗai yakan ninka na gaskiya kusan sau biyu. Ciwon yana nan, kuma ko kashi uku cikin ɗari na jami'a mai ɗalibai 40,000 mutum 1,200 ne. Ba ya bukatar a kumbura shi kafin a ɗauke shi da muhimmanci.

Tun a 1968 wasu masana biyu, Wilson da Jungner, suka tsara wa Hukumar Lafiya ta Duniya ƙa'idoji goma na tantance jama'a don gano kowace irin cuta. Guda daga ciki ita ce kada a fara sai an tanadi wurin tabbatar da cutar da kuma maganinta. A kan wannan ƙa'ida ƙasashe masu arziki ma suka rarrabu. Kwamitin masana na Amurka ya ba da shawara a 2016 cewa a tantance manya, bisa sharaɗin akwai tsarin tabbatarwa da magani da bibiya. Na Kanada kuwa a 2013 ya ba da shawarar kada a mai da tantance kowa da kowa al'ada, domin bai ga hujjar cewa yin hakan yana ƙara yawan masu warkewa ba. In ƙasashen da suke da likitoci birjik suna wannan taka-tsantsan, ina ga Nijeriya, inda alƙaluman da aka yi ta bayarwa tsakanin 2019 da 2023 suka nuna likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga mutane fiye da miliyan 200? Binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta, wanda aka buga a 2006, ya sami cewa cikin masu matsanancin ciwon ƙwaƙwalwa ko ɗaya cikin goma bai sami magani ba a shekarar da ta gabaci tambayar. Manyan asibitocin wannan fanni a Arewa, irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da Dawanau a Kano, suna da nasu cunkoson, kuma sunansu kaɗai ya isa ya sa ɗalibi ya juya baya.

Sai batun harshe, wanda ya fi yadda ake zato wuya. Ana iya cewa ɗalibin jami'a yana jin Turanci, a ba shi takardar yadda take. Gaskiya ne yana ji, amma harshen da mutum yake rubuta jarrabawa da shi dabam, wanda yake kuka da shi dabam. In kuma aka ce a juya ta zuwa Hausa, sai a tarar kowace kalma tana da nata kaya. "Damuwa" ta haɗa tunanin kuɗin makaranta da fargabar jarrabawa da ciwon kansa. "Baƙin ciki" yana nufin jimamin rashi, yana kuma nufin hassada, kamar yadda ake cewa wane ɗan baƙin ciki ne. "Ɓacin rai" yana bukatar wanda ya ɓata. "Mutuwar zuciya" zagi ce, ana faɗa wa malalaci. "Taɓin hankali" kuwa, da an ambace shi hira ta ƙare. Abin da mai ciwon yake faɗa da bakinsa shi ne "komai ya fita raina", ko "tunani ya yi mini yawa", ko "ƙirjina ya yi nauyi", ko "ba na gane karatu". A ƙasar Zimbabuwe masu bincike sun fara ne da tattara irin waɗannan maganganu daga bakin marasa lafiya cikin harshen Shona, suka gina takarda mai tambaya 14 a kansu, ciki har da kalmarsu mai nufin yawan tunani. Aiki ne da sassan Hausa da na likitanci a jami'o'in Arewa za su iya haɗa kai su ci gaba da yin irinsa: a fassara, wani wanda bai ga asalin ba ya mayar da fassarar Turanci, a gyara, sa'an nan a gwada ta da hirar likita kamar yadda aka yi a Ile-Ife.

Ko an sami kalmomin, akwai tarbiyya. Bahaushe yana kwance a gadon asibiti za a ce masa "yaya jiki?" ya ce "da sauƙi". An hore shi da haƙuri da zurfin ciki, an gaya masa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ɗalibin da aka miƙa wa takarda a cikin layin rajista, abokinsa yana leƙen kafaɗarsa, magatakarda yana jiran ya karɓa ya haɗa da takardar shaidar haihuwa, sifiri zai zuba daga sama har ƙasa, kuma ba za a ga laifinsa ba. Yana tsoron kada a ce bai cancanci karatun likita ko na lauya ba. Ɗaliba kuma tana da ƙarin nata tsoron, domin ta san in an zo binciken aure akan tambayi ko akwai taɓin hankali a gida. Saboda haka tilas cika takardar ya kasance da yardar ɗalibi, a keɓe, kuma sakamakon ya tsaya a asibiti, kada ya shiga fayil ɗin da yake yawo tsakanin sashe da ofishin rajistara. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2021, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu aka bayyana a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma amince da haƙƙin mai wannan lalura na a riƙe sirrinsa, kada a nuna masa bambanci. Ma'aikacin da ya saki irin wannan labari a ofis ya taka doka, ba ladabi kaɗai ba.

Tambaya ta tara ita ce mafi nauyi, domin tana neman sanin ko mutum yana jin gara a ce ya mutu, ko yana tunanin cutar da kansa. Wasu shugabanni sukan so a cire ta, wai kada a cusa wa yara tunanin da ba su da shi. Binciken da aka yi a kan haka bai nuna cewa tambayar tana cusa tunanin ba. Sau da yawa ma wanda aka tambaya sauƙi yake ji, don ya sami wanda ya buɗe masa ƙofa. Haɗarin yana wani wuri dabam: ɗalibi ya amsa cewa kusan kullum yake wannan tunani, a tattara takardu a ɗaure da igiya a ajiye a kabad, sai bayan wata biyu mai bincike ya zo ƙirga. Wanda ya amsa wannan tambaya da wani abu ban da sifiri, a ranar za a gan shi, kafin ya bar harabar asibiti. A kuma tuna cewa sashe na 231 na kundin Penal Code, wanda ya fara aiki a Arewa a 1960, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti don aikin soke wannan hukunci, amma tsoron da doka ta dasa cikin shekara sittin ba ya gushewa dare ɗaya. Sai an gaya wa ɗalibi a fili cewa amsarsa ba za ta kai shi hannun 'yan sanda ko kwamitin ladabtarwa ba.

Lokacin tantancewar ma abin dubawa ne. Takardar mako biyu kawai take gani. Makon rajista kuwa mako ne na murna da ɗoki, ciwon ya fi bayyana daga baya, bayan an liƙa sakamakon farko, ko lokacin da aka dawo daga dogon yajin aiki irin na 2020 da na 2022, waɗanda kowanensu ya ci wata takwas ko fiye, ɗalibi ya ga sa'o'insa sun yi gaba. Haka nan wanda aka tambaya a kan barci da cin abinci a tsakiyar watan azumi, ko ana gobe jarrabawa, amsarsa ba za ta nuna halinsa na kullum ba.

Duk wannan ba hujja ba ce ta naɗe hannu. Ciwon yana warkewa, ta hanyar zaman tattaunawa da wanda aka horar, ko ta magani wanda yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin aikinsa, a kuma ci gaba da sha wata shida ko fiye bayan an ji sauƙi. Ba kuma dole sai likitan ƙwaƙwalwa ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP don koya wa ƙananan likitoci da ma'aikatan jinya yadda za su gane wannan ciwo su yi maganinsa, su tura mai tsanani gaba, kuma Nijeriya ta daidaita shirin da yanayinta. A Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata suna zama da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, gwajin da aka buga a 2016 ya nuna sun sami sauƙi ƙwarai. Limamin masallacin jami'a da faston majami'arta su ma suna cikin aikin, tun da wurinsu ɗalibi yake fara zuwa. Abin da ake bukata shi ne su san alamun da za su sa su ce masa ya haɗa addu'a da ganin likita.

Ga ma'aikatan da kasafin kuɗi yake bi ta hannunsu, tsarin da ya fi dacewa shi ne a fara daga ƙarshe a dawo farko. A duba ko kuɗin lafiyar da ɗalibai suke biya, da shirin inshorar ɗaliban manyan makarantu da ake kira TISHIP, sun ƙunshi magungunan wannan ciwo. A horar da ma'aikatan jinya biyu ko uku, a ba su ɗaki mai ƙofa wanda ba a rubuta komai a kanta ba, a ƙulla yarjejeniya da asibitin koyarwa mafi kusa a kan ranar da likitansu zai riƙa zuwa. Bayan haka sai a fara tambaya, ba da dubu goma ba, da waɗanda suka kawo kansu asibiti, musamman masu yawan dawowa da ciwon kai da kasala, da waɗanda makinsu ya faɗi farat ɗaya. Tambaya biyun farko na takardar, ta sha'awa da ta ƙuncin rai, sun isa matakin farko. Wanda ya sami 3 cikin 6 sai a ba shi sauran bakwai. A ƙarshen shekarar karatu a ƙirga mutum nawa rariya ta tare, nawa aka zauna da su cikin mako guda, nawa suka dawo zama na biyu. Adadi na ukun nan shi zai nuna ko lokaci ya yi da za a kai takardar layin rajista.